Ƙwayar da Ta Shiga Kunun Gayya

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya, wani lokacin kuma haushi. Mutum ya gama sakandare jiya, yau ya zo ya dafa kantata ya ce, "Baba Isiyaku, 'yan watanni nake so in yi a wurinka in buɗe nawa kemis ɗin." In na tambaye shi abin da ya gani a sana'ar, sai ya ce ai ba ta da wuya, zama ne a inuwa, wanda ya ce kai ka miƙa masa na kai, wanda ya ce ciki ka miƙa masa na ciki. To kallon kitse kuke wa rogo. Miƙa magani ko biri aka koya wa zai miƙa. Wuyar sana'ar nan tana wurin hanawa, kuma hanawar ita ce za ta kore muku ciniki, ta jawo muku zagi a garin da aka binne cibiyarku.

Ni a birni na koya, a hannun Baba Modu, Allah Ya jiƙansa. Babarbare ne, iyayensa sun zo Kano daga gabas tun yana goye. Ya yi aikin ba da magani a asibiti har ya yi ritaya, sannan ya buɗe shago. Da na je wurinsa tsumma ya miƙo mini. Na daɗe ba ni da aiki sai goge kwalabe da karanta ranar lalacewar kowane magani, in jera wanda zai riga lalacewa a gaba. In na gama ya zaunar da ni a bakin ƙofa ya ce in kalli masu shigowa, in gaya masa abin da ke damunsu kafin su buɗe baki. Tafiyar mutum, farin idonsa, yadda hannunsa yake riƙe da kuɗi, duk karatu ne a wurinsa.

Ina tuna wani mutum da ya shigo da babbar riga ya ce a ba shi maganin tari kwalba biyu, har ya faɗi sunan wanda yake so. Na miƙa hannu zan ɗauko, Baba Modu ya buge mini hannu da mafici. Ya dubi mutumin ya ce, "Alhaji, yi tarin mu ji."

Mutumin ya ce, "Ai ba ni ba ne, maiɗakina ce."

"To je ka zo da ita ta yi mu ji."

Ya fita yana ƙunƙuni, bai sake takowa shagon ba. Baba Modu ya ce da ni, "Ka ga cinikin da ya tafi? Ka saba da ganin bayansa tun yanzu." Ban gane maganar sosai ba sai da na dawo ƙauyenmu, nan gefen Ɗanbatta, na kafa tawa kantar.

Kayan aikina ga su nan kuna gani, ba su da yawa. Na'urar awon jini, ma'aunin zafin jiki, tocila ta duba ido da maƙogwaro, almakashin yanka katin magani, da lasisina da ke rataye. Mutanen gari suna ce mini Likita. Na yi gyaran har na gaji, ni ba likita ba ne, kuma rabin aikina shi ne sanin inda ilimina ya tsaya in ce wa mutum ya hau mota ya tafi asibiti. Akwai magungunan da lasisin nan bai ba ni ikon ajiyewa ba, ban kuwa taɓa ajiye su ba. Cikinsu har da tiramol, ƙwayar da aka yi don mai ciwo mai tsanani, wadda ta zama goron 'yan ƙwadago.

Haladu ne ya fara tambayata ita a garin nan. Ɗan farin Sarkin Noma ne, kuma duk yankinmu babu wanda yake kama garma kamarsa. Kun san gayya ko da a bakin iyayenku: mai gona ya gayyaci majiya ƙarfi, ya ɗauko makaɗa, shi kuma nasa abinci da abin sha. Ba a biyan kowa. Kowa ya kama kunyarsa, ganga na bin su a baya, wanda ya riga kaiwa ƙarshen gona shi makaɗi zai yi wa kirari har 'yan mata su ji a bakin rijiya. Haladu shi ne mai kirarin nan shekara da shekaru. Wani rani ya tafi Watari ƙwadagon tumatir da albasa, ya dawo da 'yar rama da ido ja. Ya zo ya tsaya inda kuke tsaye ɗin nan ya ce, "Kawu, akwai tiramol?"

Na ce, "Ina ke maka ciwo?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba ciwo. A can kowa yana sha. In ka haɗiyi ɗaya sai ka wuni a sunkuye ba ka san kana da baya ba."

Na ce masa babu, kuma ba za a samu ba. Bai ji haushi ba, don bai rasa inda zai samu ba. Ranar kasuwar Ɗanbatta akwai masu zuwa a babur da lasifika suna tallar maganin gajiya, ba sa tambayar kowa ina ke masa ciwo.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba samarin ba ne, manya ne. Masu gona suka lura in samarin nan sun sha abin nan, aikin da ake wuni ana yi sai ya ƙare kafin azahar. Sai aka fara dakawa ana zubawa a kunun gayya. Bokiti biyu ake ajewa a gindin bishiya, ɗaya na kowa da kowa, ɗaya kuma ana ce masa mai ƙarfi. Kada ku ɗauka mugunta suke nufi. A ganinsu karamci ne, kamar yadda mai hali yake ƙara sukari. Mai gonar da bai ajiye bokiti na biyu ba sai a ce marowaci ne, baɗi ba za a amsa gayyarsa ba. Alhaji Tanko, wanda ya fi kowa gona a garin nan, ya aiko mini in samo masa kati-kati daga birni. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, ya ce masa ni ba na dafa kunu.

A gayyar Alhaji Tankon Haladu ya faɗi. Da hantsi aka zo a guje aka ce in zo, iska ta buge ɗan Sarkin Noma. Na tarar da shi a ƙasa kusa da wata tsamiya, jikinsa na fizga, kumfa a baki. Wani na ƙoƙarin cusa masa cokali tsakanin haƙora, wani na kwara masa ruwa, mutum huɗu sun danne shi. Na ture su duka. Mai farfaɗiya ba a danne shi, ba a sa masa komai a baki. Na kawar da garmar da ke kusa da kansa, na tura hulata a ƙarƙashin kan, da fizgar ta lafa na juya shi ya kwanta a gefe don kada ya shaƙe. Sannan na je na tsoma yatsa a bokitin nan na biyu na ɗanɗana. Ɗaci ne a ƙarƙashin tsamiya da sukari. Abokinsa ya raɗa mini cewa tun a gida ya haɗiyi tasa ƙwayar, ya zo nan ya ƙara da moɗa biyu.

Na miƙe a gaban kowa na ce, "Ba iska ba ce. Ga abin da ya kayar da shi nan a bokiti."

Alhaji Tanko ya ce, "Isiyaku, a gonata za ka ce na ba ɗan mutane guba?"

Sarkin Noma kuwa ko kallon bokitin bai yi ba. Da yake ɗan fari ne ba ya kama sunansa, sai ya ce, "Yaron nan ba ɗan ƙwaya ba ne. 'Yan ƙwaya suna tasha. Wannan tsamiyar tun muna yara aka san ta, kuma mai kirari ba ya rasa mahassada."

Aka ɗauki Haladu aka kai gida aka kulle a ɗaki, ana rubutu ana hayaƙi. Ni ba na faɗa da rubutu, ina sha, kuma addu'a ba ta taɓa ɓata magani ba. Amma mutumin da jikinsa ya saba da ƙwaya aka yanke masa rana ɗaya, kun san abin da zai biyo baya? Gumi kamar an tsamo shi daga rijiya, gudawa, majina, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Su kuma suna ganin haka suka ce aljanin ne yake turjiya. Matar Haladu, Lami, ta zo shagona da sunan sayen maganin zazzaɓin 'yarta, ta rage murya ta ce, "Kawu, gidan mari za su kai shi jibi. An ce sai an sa masa ƙarfe a ƙafa zai fita."

Na je gidan, na yi sallama a zaure, na ce a fito mini da shi in gan shi. Suka rirriƙo shi, yana rawar ɗari cikin zafin nan. Na ce, "Haladu, ni ba zan iya da wannan ba, ya fi ƙarfin kantata. Amma akwai asibitin ƙwaƙwalwa a birni, aikinsu ke nan. Za ka je?"

Ya ce, "Kawu, ko ina ne ka kai ni."

Sarkin Noma ya buga sandarsa a ƙasa. "Asibitin mahaukata? Ɗana? Isiyaku, in ka fitar da yaron nan daga gidan nan, babu ni babu kai, kuma duk wanda yake jin maganata a garin nan ba zai ƙara taka ƙofarka ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka girme ni, ban isa in yi sa-in-sa da kai ba. Amma magidanci ne, da bakinsa ya ce zai je. Gobe da safe zan zo da mota." Na zo kuwa.

Likitar da ta gan mu mace ce, 'yar siririya mai tabarau. Bayan ta gama aune-aunenta ta tambayi Haladu sana'arsa. Da ta ji ya yi noman rani sai ta ajiye biro ta ce to magana ta zo da sauƙi. Zan faɗa muku yadda ta faɗa, don duk wanda zai tsaya a bayan kanta ya kamata ya san abin da ƙwaya take yi in ta wuce maƙogwaro.

Ta ce ƙwaƙwalwa cike take da 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta da ba sa ƙirguwa, kowace da rassa kamar saiwa, suna ta aika wa juna saƙo. Amma ba sa taɓa juna. Tsakanin wannan da waccan akwai ɗan rata, sai wannan ta fesa wani sinadari ya tsallaka, waccan kuma tana da 'yan ƙofofi da suke karɓa. Wani sinadarin yana ce wa ta gaba ta tashi, wani yana ce mata ta lafa. Da haka mutum yake motsa hannu, yake jin zafi, yake jin daɗi. Ta ce Allah Ya yi wa jiki nasa maganin raɗaɗin, yana sakinsa kaɗan-kaɗan in ka yi aiki ko ka ji ciwo. Tiramol kwaikwayon wannan take yi, ta shiga ƙofofinsa. In ta shiga kuma sai ta kwance wa wani sinadarin linzami, ana ce masa dofamin, shi kuwa aikinsa ya ce wa ƙwaƙwalwa: wannan abin ki riƙe shi, ki sake nemansa. Shi ne yake sa ka nemi abinci, ka nemi iyalinka. Tuwo yana sakinsa daidai misali, ƙwaya kuwa ambaliya take yi.

Sai ta ce, "Malam Haladu, in kana ban ruwa aka sako ruwa ya fi ƙarfin kwamin shukarka, me kake yi?"

Ya ce, "Sai in ɗebo laka in rage bakin, kada ya cinye shukar."

Ta ce, "To haka ƙwaƙwalwarka ta yi. Ta ga ambaliya kullum, ta rage ƙofofin. Shi ya sa ɗaya ta daina isarka ka koma biyu, ka koma abin da ka koma. Yanzu in ruwan yau da kullum ya zo, na abinci, na hira, na wasa da 'yarka, bakin ya yi ƙanƙanta, ba ya shiga. In aka yanke ƙwayar gaba ɗaya kuma, duk abin da ta daɗe tana dannewa sai ya taso a lokaci guda, shi ne gumin nan da gudawar. Faɗuwar da ka yi a gona, yawanta ne ya sa ƙwayoyin suka tashi gaba ɗaya babu mai ce wa wata ta lafa."

Haladu ya ce, "Likita, lakar tana fita?"

Ta ce, "Tana fita, amma ba da garma ba. A hankali, kuma za ka daɗe kana jin duniya salam." Ta ƙara da gargaɗi biyu. Na farko, ƙwaƙwalwa ba ƙwayar kaɗai ta riƙe ba, ta riƙe duk abin da yake zuwa tare da ita, wurin, mutanen, har sautin da ake ji, kuma ranar da ya ci karo da su sha'awar za ta taso tun bai ga ƙwayar ba. Na biyu, in jikinsa ya warware ya koma ya sha irin yawan da, zai iya faɗuwar da ba tashi.

Suka riƙe shi 'yan kwanaki, sannan ta tsara yadda za a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Asibitin ne ya ba da maganin, amma ta ce ba za a bar shi a aljihunsa ba, ba kuma a gidan da ake cewa aljani ne ba. Ni aka damƙa wa. Kullum da safe ya zo, in ba shi abin da ta ce, ya haɗiya a gabana, in duba idonsa da jininsa. In lokacin ragi ya yi in sa almakashi. Ranar komawa asibiti mu hau mota tare.

Daga nan muguwar shekarata ta fara. Ƙauye ba a ɓoye komai, kowa ya ga Haladu yana karɓar ƙwaya a kantata. Sai magana ta zaga cewa ashe Likitan ma yana sayarwa, zaɓen mutane yake yi. Samari suka riƙa zuwa suna cewa a ba su irin ta Haladu, in na kore su su tafi suna zagina. Mutanen Sarkin Noma sun daina zuwa, mutanen Alhaji Tanko sun daina zuwa, to wa ya rage a garin? Matar da ɗanta ke zazzaɓi sai ta wuce ta gaban shagona ta tafi wurin masu lasifika. A masallaci in na shiga sahu sai in ji na kusa da ni ya ɗan matsa. Magunguna suka yi ta lalacewa a kanta. Na haƙa rami a bayan shago na ƙone su da hannuna, ban sayar wa kowa ko ƙwaya ɗaya da ta wuce ranarta ba. Abincin gidana daga 'yar gonata ya fito a shekarar nan. Wani aminina ya ba ni shawara in je in durƙusa in ba Sarkin Noma haƙuri. Na ce haƙurin me? In na yi laifi a faɗa mini shi. Kullum sai na buɗe, na share, na goge kwalabe, na zauna, ko ƙuda ne kaɗai zai shigo.

Kada kuma ku ɗauka Haladu ya miƙe ne sumul. Bayan an gama ragin ya zama kamar an zare masa laka. Ya zo ya zauna a bencin nan ya ce, "Kawu, tuwo kamar ƙasa nake ci. 'Yata ta hau cinyata tana dariya, ni kuwa kamar buhu aka ɗora mini." In ce masa likita ta faɗa, lakar bakin kwamin nan ce ba ta gama fita ba. Wata ranar kasuwa ya je sayar da akuya, ya ji lasifikar nan, bai san lokacin da ya tsinci kansa a gaban babur ɗin ba. Ya sha. Washegari ya zo da kansa ya faɗa mini, kai a sunkuye. Raina ya ɓaci ƙwarai, kamar in rufe shi da faɗa, amma na san faɗa ba ya buɗe ƙofar da ta toshe. Muka koma asibiti. Likitar ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce wanda ya faɗi ya zo ya faɗa yana kan hanya. Daga ranar Lami ce take aika ƙaninta kasuwa, shi ya daina zuwa. Sannu a hankali ya fara cin abinci da marmari, ya fara tsokanar mutane kamar da.

Da damina ta zagayo aka zo huɗa, Sarkin Noma ya kira gayya a gonarsa. Na ce wa Haladu kada ya je. Ganga, da abokan, da bokitin, duk abin da likita ta lissafa yana can yana jiransa. Ya ce, "Kawu, gayyar mahaifina ce, ni ne babba. In ban je ba gara a ce na mutu." In ban da ranakun asibiti, ranar ce kaɗai a shekarar na sa wa shagona kwaɗo da rana, na bi su gonar ba tare da an gayyace ni ba, na tsaya can nesa a bakin iyaka.

Makaɗa suka saki ganga, na ga Haladu ya tsaya cak, gumi ya karyo masa tun bai sara ko ɗaya ba. Samari suka yi layi a bokitin mai ƙarfi, shi ya je na kowa da kowa ya sha tare da tsofaffi. Aka kama kunyoyi. Da farko ya riƙe su, amma mai jini da tsoka ba ya tsere da wanda ba ya jin bayansa. Aka fara wuce shi. Yaran da a da ko ƙurarsa ba sa gani suka bar shi a baya. Yana miƙewa yana dafa ƙugu, yana komawa. Makaɗin, ɗan banza, ya juya kiɗan ya fara zambo, wai ina zakin bara, ko ya tsufa ne a ɗaki. Mutane suka yi dariya.

Sarkin Noma yana tsaye a inuwa, fuskarsa ta haɗe. Sai na ga ya taka zuwa bokitin mai ƙarfi, ya ɗebo ya kurɓa, ya sake ciko moɗar, ya ratsa gonar da kansa har inda ɗansa yake. Kun san abin da wannan yake nufi a wurinmu. Uba ya tako da ƙafarsa, a gaban jama'a, ya miƙa wa ɗansa abu da hannunsa. Babu ɗan halak da zai ce a'a. Ni kuma ba ni da bakin magana tsakanin ɗa da uba, ina tsaye ne kawai.

Ya ce, "Karɓi ka sha, ka fitar da ni."

Haladu ya ajiye garma, ya tsuguna, ya karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya masa. Ya daɗe yana kallon cikin moɗar. Ganga ta tsaya. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni." Ya karkata moɗar a gindin dawa har ta ƙare, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙa wa uban da hannu biyu yana tsugune. Sannan ya ɗauki garmarsa.

Sarkin Noma ya juya ya bar gonar gaba ɗaya. Haladu ya ci gaba da huɗa. Kowa ya gama ya koma inuwa ana cin tuwo, shi kaɗai ne a tsakiyar gona, ba kiɗa ba kirari, yana sara yana hutawa, har ya kai ƙarshen kunyarsa. Shi ne na ƙarshe, kuma da ƙafarsa ya tafi gida.

Bayan 'yan kwanaki ina goge kanta da sassafe, ko masu koko ba su fito ba, sai na ji sallama. Sarkin Noma ne, mutumin da ya shekara ba ya amsa gaisuwata. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban hanya hagu da dama. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan bana, ya yi ta kewaye-kewaye. Na lura gumi na tsattsafo masa a goshi da sanyin safiyar nan, yana ta jan hanci, ƙafarsa ɗaya ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Can ya ce, "Isiyaku, ni ma na daɗe ina shan ƙwayar nan, amma tun ranar gayyar nan ban ƙara sha ba. Na ce abin da yaron nan ya iya, ni ma zan iya. Yau kwana nawa ban runtsa ba." Ya share fuska da hannun riga, ya rage murya. "Wannan likitar taku ta birni, tana duba tsofaffi?"

Na ce, "Tana dubawa, ranka ya daɗe. Shigo ka zauna in auna jininka kafin motar farko ta cika."